Kabbarar Sahun Baya: Muhawara a Kan Miƙa Bidiyo Hannu da Hannu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a garin Rogo, ko ya zauna da la'asar sakaliya a bakin tashar motar Karaye, ba zai rasa ganin wata 'yar rumfar kwano ba, wadda ƙaramin janareta ke ruri a bayanta, wayoyi jere reras a kan katako, kowace da lambarta a manne, suna shan caji. A tsakiyarsu kuwa ga saurayi zaune gaban kwamfuta, jama'a na miƙo masa memori, wannan ya ce a sa masa tafsirin bana, wancan ya ce fim ɗin Indiya mai fassara yake so, wata yarinya kuma ta ce Yaya ce ta aiko ta a ɗora mata Labarina daga inda ta tsaya. Abin da saurayin nan ya sauke sau ɗaya tak da datarsa, kafin a kira magariba ya shiga aljihu da yawa, kafin gari ya waye kuwa ya isa Zarewa da Fulatan da Beli, domin kowane mai waya in ya koma gida sai ƙaninsa ya matso kusa ya ce, "Yaya, buɗe Xender ka tura mini," shi kuma gobe ya tura wa abokinsa a bakin rijiya, ba tare da ko kwabo ya sake fita ba.

Wannan abu da ya zame mana jiki har ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, haƙiƙa reshe ne na wata babbar mas'ala wadda malaman ilmin kwamfuta suka shafe fiye da shekara talatin suna kai kawo a kanta, wato: in mutum dubu suna son ganin hoto ɗaya mai motsi, shin ya fi dacewa kowannensu ya tafi can tushe ya ɗebo nasa, ko kuwa 'yan kaɗan su ɗebo, sa'an nan masu kallo su riƙa miƙa wa junansu? Na daɗe ina jin mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan, ko da yake ba da lafazin malamai suke faɗa ba. Waɗansu na ganin rahama ce Allah Ya saukar wa talaka, waɗansu na ganin ƙofa ce ta ɓarna da cin haƙƙin bayin Allah. Nufina a wannan maƙala in kawo hujjar kowane ɓangare da cikakken ƙarfinta, sa'an nan in ɗora su bisa mizani, in faɗi inda zuciyata ta natsu.

Da yake ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa, bari mu fara da bayanin yadda abin yake tafiya. Hanyar da aka saba, wadda YouTube da Facebook ke bi, ita ce a ajiye bidiyo a waɗansu manyan kwamfutoci, waɗanda za mu kira rumbuna, duk mai son kallo sai rumbun ya auna masa nasa kason daban. Lissafin wannan a fili yake: in bidiyo yana cin megabit 1 a kowace daƙiƙa, mai kallo ɗaya zai sha megabait 450 a sa'a guda, in kuwa masu kallo suka kai 1,000 a lokaci ɗaya, wajibi ne ƙofar rumbun ta iya fitar da megabit 1,000 a daƙiƙa, alhali abin da ake aika wa dukansu abu ɗaya ne, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. Misalinsa kamar manoma dubu ne a gefen madatsar Challawa, kowanne ya ja tiyonsa tun daga bakin ruwa har gonarsa, maimakon a haƙa magudana ɗaya a riƙa karya ruwa daga fangali zuwa fangali.

A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗalibin ilmi a Jami'ar Stanford ta Amurka, Steve Deering, ya kawo shawarar a ɗora wannan aiki a kan na'urorin da ke mararrabar hanyoyin intanet, ta yadda saƙo zai fito sau ɗaya, sai ya iso inda hanya ta rabu sa'an nan a kwafe shi, kowane reshe ya sami nasa. Dabarar ta yi kyau, ana kuma amfani da ita a cikin hurumin kamfani ɗaya, amma ba ta game duniya ba, saboda intanet ba mallakar mutum ɗaya ba ce, kamfanoni kuwa ba su daidaita a kan wanda zai biya wani ba, ga kuma nauyin riƙe lissafin ƙungiyoyin masu kallo da zai hau kan na'urorin. A shekarar 2000 sai Hui Zhang da almajiransa a Jami'ar Carnegie Mellon suka ce, tun da hanya ta ƙi ɗaukar wannan kaya, to, a bar ta yadda take, a ɗora wa kwamfutocin masu kallo su kansu, su ƙulla wata hanya tasu a bisa hanyar asali, kowa ya karɓa daga na gabansa ya miƙa wa na bayansa. Suka sa wa tsarin nasu suna Narada.

Wanda ya yi wayo kafin lasifika ta game masallatanmu ba ya bukatar dogon sharhi a nan, domin ya ga abin da idonsa a filin Idi: liman ya yi kabbara, muryarsa ba ta wuce sahu uku ko huɗu ba, sai ladan ya karɓa ya ɗaga murya, wani ladanin can baya ya karɓa daga gare shi, har kabbarar ta isa ga tsohon da ya makara ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya. Haka magabata suka yi a majalisun hadisi na Bagadaza, inda in taro ya yi yawa akan tsayar da wanda ake kira mustamli, wani lokaci fiye da ɗaya, yana maimaita lafazin malam domin na nesa su rubuta. In kowane mai kallo ya miƙa wa mutum biyu, hawa goma kaɗai ya isa a kai ga fiye da mutum 2,000, alhali tushen bai taɓa ciyar da fiye da biyu ba. Daga baya aka ƙara wata hikima: a 2001 Bram Cohen ya fito da BitTorrent, wadda ke yanyanka fayil gunduwa-gunduwa, kowa ya nemi gunduwar da ya rasa wurin duk wanda ke da ita, ya kuma ba da wadda yake da ita ga duk wanda ya rasa. Tsakanin 2004 da 2005 waɗansu matasa masana a ƙasar Sin suka ɗauki wannan dabara suka sa ta cikin kallon kai tsaye, da manhajoji irin su CoolStreaming da PPLive, jama'a masu ɗimbin yawa suka riƙa kallon talabijin da ƙwallon ƙafa ta hanyar miƙa wa juna. To, ga surar mas'ala. Saura mu ji bakin masu jayayya.

Masu goyon baya sukan fara da cewa wannan ita ce hanyar da taro ba ya karya ta, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. A tsohuwar hanya kowane sabon mai kallo ƙarin baki ne a kan akushi ɗaya, amma a wannan baƙo ne da ya zo da guzurinsa, domin wayar da ta karɓa ita ce kuma za ta bayar. Suka ce ai wannan gayya ce, wadda iyayenmu suka noma manyan gonaki da ita tun kafin a san tarakta, hannu da yawa kuwa maganin ƙazamar miya.

Hujjarsu ta biyu ita ce tsada. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001 talaka ke auna maganarsa da ma'auni, yanzu kuma yana auna kallonsa, balle bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Manomin Rogo, wanda kuɗi ba su shigo masa sai ya sayar da masara ko rake, in ya sayi data lissafinta yake yi kamar yadda uwargida ke lissafin daddawa. To, in a gida ɗaya akwai mutum goma masu son jin tafsirin malami ɗaya na sa'a guda, kowanne ya sauke nasa, an ƙone megabait 4,500 a kan abin da megabait 450 za su wadatar. Suka ce in wannan ba almubazzaranci ba ne, a gaya musu sunansa.

Hujja ta uku ita ce nisa. Manyan igiyoyin da ke haɗa ƙasarmu da sauran duniya a ƙarƙashin teku suke, a gaɓar kudu suke fitowa, galibinsu a Legas, karatun da aka ɗauka a wani masallaci cikin Karaye kuwa sau da yawa sai ya yi doguwar tafiya zuwa rumbun da ke wata uwa duniya kafin ya dawo wayar mutumin Kurugu ko Turawa, waɗanda mai babur zai isa wurinsu kafin shayi ya huce. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, igiyoyi da dama suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har hada-hadar banki ta taɓu. Amma wanda ke da karatu a memori, shi da maƙwabcinsa ba su fasa ji ba. Suka ce al'ummar da ke iya miƙa wa junanta ba a yanke mata ilmi da tsinkewar igiya ɗaya.

Suka cika da hujjar da ta fi shiga zuciya, cewa ilmi a ƙasar Hausa tun asali da hannu ya yaɗu. Almajiri ya ari littafi wurin malaminsa, ya fere alƙalami, ya dama tawada, ya kwafe shi, wani kuma ya kwafa daga nasa. Da haka wallafe-wallafen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka isa birni da ƙauye tun babu maɗaba'a, ɓoye ilmi kuwa abin zargi ne a wurin malamai gaba ɗaya. Me zai sa abin da aka yaba wa mai alƙalami a zarge shi ga mai waya?

Masu suka kuma ba su zo hannu rabbana ba. Suka ce misalin ladan da aka kawo shi kansa ya nuna aibin abin, domin in ladanin tsakiya ya fita daga sahu, duk waɗanda ke bayansa sun rasa kabbara, sai su yi ta ɗaga kai suna leƙen na gaba. Mai kallo kuwa ba ladan ba ne da aka naɗa, yana iya kashe wayarsa duk sa'ad da aka kira shi cin tuwo. Ga kuma jinkiri, domin kowane hawa yana ƙara nasa, har a waɗansu manhajoji tazarar kan kai minti guda ko fiye. Na ga wannan da idona wani dare, wani ɗan ƙanina yana zaune a dakalin ƙofar gida, ya ƙura wa waya ido yana kallon ƙwallo ta irin waɗannan manhajoji, sai ihu ya tashi daga gidan kallon da ke bayan layinmu an ci, alhali a tafin hannunsa ƙwallon tana tsakiyar fili, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baffa, sun riga ni gani." Ga kuma 'yan ci-ma-zaune, masu karɓa su ƙi bayarwa, waɗanda saboda su ne Bram Cohen ya gina manhajarsa a kan ƙa'idar ba ni gishiri in ba ka manda, ta yadda mai yawan bayarwa shi ake fifitawa wajen samu.

Suka ƙara da abin da ya fi wannan nauyi, cewa an tsara dabarar ne domin kwamfutar da ke jone da wutar da ba ta ɗaukewa, da layin intanet na wata-wata wanda ba a auna shi da mudu. Mu kuwa waya muke riƙe da ita, wadda sai an biya a yi mata caji, datarmu kuma ana cirewa ne ko shiga abu ya yi ko fita, saboda haka wanda ya karɓi bidiyo ya miƙa wa mutum biyu ta intanet ya biya kuɗin mutum uku. Bugu da ƙari, wayoyi biyu ko a tabarma ɗaya suke, in ta layin kamfani za su gaisa, dole saƙon ya hau ƙarfen sabis ya shiga cikin na'urorin kamfanin sa'an nan ya sauko, ƙarfen da dama yake nishi in jama'a sun taru. Suka ce ai ko a Turai, BBC ta bar wannan hanya a 2008, kamfanin waƙoƙi na Spotify ya bar ta a 2014, da kuɗin aikawa daga rumbu ya sauko, manyan kamfanoni kuma suka gwammace su gina ƙananan rumbuna kusa da masu kallo.

Sa'an nan suka zo kan haƙƙi, a nan ne kuwa muryarsu ke rawa. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta rayu ne a kan sayar da kaset, daga baya faifai, a Ƙofar Wambai da Bata cikin birnin Kano, inda dillalai ke saye su rarraba har Maradi da Damagaram da zangon Kumasi. Da tura fim a waya ya yawaita sai kasuwar nan ta durƙushe, masu shirya fim suka koma ga talabijin da YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, inda samunsu ya rataya a kan talla da yawan idon da aka ƙirga. Duk fim ɗin da ya bi ta Xender ido ne da ba a ƙirga ba, wanda aka tauye kuwa ba jarumin da ke cikin hoto kaɗai ba ne, har da mai riƙe fitila, da mai ɗinka sutura, da matar da ta dafa wa ma'aikata abinci a wurin ɗauka. A Amurka kotu ta durƙusar da manhajar musayar waƙoƙi ta Napster a 2001 saboda irin wannan. A Nijeriya an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris 2023. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne abin kiyayewa a shari'a, ba ya halatta a yi masa ta'adi. Game da ƙiyasi da masu kwafar littattafai kuwa, suka ce ƙiyasi ne da ke da bambanci, domin malamin da ya wallafa littafi don Allah ya yi, yana murna a kwafa, mai fim kuwa jari ya zuba, wani ma bashi ya ci.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta isnadi da sutura. Abin da ya bi hannu ɗari ba a san wanda ya fara sakinsa ba, ba a san inda aka datse shi ba: a yanko rabin maganar malami a jefar da sharaɗin da ya gindaya, a ɗauko hoton tarzomar wata ƙasa ta shekarun baya a ce jiya ne a garin kaza, ko a saki hoton 'yar mutane wanda ta ɗauka cikin sirri, a ɓata mata rayuwa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya kiran mai shirya fim ta tuhume shi, mai rumbu kuma yana iya sauke abin da aka yi ƙara a kansa. Amma abin da ya riga ya watsu cikin memori dubu ya zama zarar bunu, ba mai iya mayar da shi. Har wa yau, mai shiga irin wannan taro ta intanet adireshin na'urarsa a buɗe yake ga baƙin da yake musaya da su, manhajojin kallon sata kuwa ba a rasa masu ɗauke da cuta a cikinsu.

To, da na tsaya na auna, sai na ga rabin gardamar ta taso ne daga haɗa abu biyu da suna ɗaya. Akwai miƙawa ta cikin intanet, akwai kuma miƙawa ta kusa, wadda waya ke magana da waya kai tsaye ba tare da ta taɓa layin kamfani ba. A kan ta farko, gaskiya tana wurin masu suka: muddin da wayar hannu da datar awo muke shiga intanet, ɗora wa talaka aikin rumbu ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya gaji, ba ta kuma da ranar amfani a wurinmu sai igiya ta shigo garuruwa, wuta ta zauna, an kuma ƙarfafa mahaɗar intanet ta cikin gida wadda ke da reshe a Kano, domin abin da aka yi a jihar ya riƙa tsayawa a jihar. A kan ta biyu kuwa gaskiya tana wurin masu goyon baya, domin ba ta cin data, ba ta nauyaya wa ƙarfen sabis, kuma tuni jama'a suka rungume ta ba tare da wani ya koya musu ba. Da makarantun sakandarenmu, da asibitoci, da sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla, inda matasa masu yawa kan taru wuri ɗaya, za su ajiye ƙaramin rumbu mai aiki da hasken rana, a sauke darussa da bayanan noman rani da na rigakafi sau ɗaya, kowa ya ɗiba ta iskar kusa ya kai wa mutanensa, da an ga amfanin da ba a zata ba.

Sauran rabin gardamar kuwa ba ta hanya ba ce, ta kayan da aka ɗora mata ce, domin sata da ƙarya suna bin rumbu kamar yadda suke bin hannu. Sai dai ba zan fake da wannan in wanke hanyar sarai ba, saboda akwai gaskiya ɗaya da masu suka suka riƙe wadda ba ta turuwa: inda aka cire mai gadin ƙofa, amanar da ke wuyansa ba ta ɓace ba, ta rarrabu ne a wuyan kowane mai miƙawa. Mu koma ga ladanin nan na filin Idi, mu duba abin da ya sa sallar sahun baya ta inganta da muryarsa. Abu biyu ne: bai ƙara ko harafi a kan kabbarar liman ba, bai rage ba, kuma ba shi ya tsayar da kansa ba, tsayar da shi aka yi. Isnadi ke nan da izini, su ne kuwa sharuɗɗa biyu da nake ganin in sun cika hanyar ta zama alheri, in sun faɗi ta zama fitina.

Sharaɗin isnadi ba abu ne da ya gagari masana ba, domin ita BitTorrent kanta tana bin kowace gunduwa da wani hatimi na lissafi, in an canja ko ɗigo a cikinta sai na'ura ta gane ta jefar, tamkar yadda magabata ke muƙabala, su karanta sabon kwafi a gaban na asali kafin su amince da shi. Kafin irin wannan ta iso wayoyinmu, akwai abin da ke hannunmu: majalisun karatu su riƙa sa sunan malami da masallaci da kwanan wata a jikin hoton daga farkonsa har ƙarshensa, mai karɓa kuma ya ƙi yarda da guntun da ba kai ba gindi. Sharaɗin izini kuwa yana bukatar a raba kaya kashi uku. Akwai wanda mai shi ya yi waƙafinsa, kamar tafsiri da darasi da faɗakarwar lafiya, wannan a miƙa shi, akwai lada. Akwai wanda mai shi ke ci da shi, kamar fim da waƙa, wannan sai da yardarsa; kuma a nan ina ganin maslaha ita ce masu shirya fim su daina kallon saurayin rumfar caji a matsayin abokin gaba, su mai da shi dillali, ƙungiyar masu rumfunan caji ta sayi izinin fim a dunƙule, a kuma saƙa talla a cikin jikin fim ɗin yadda duk inda ya je za ta bi shi, don yawan yaɗuwa ya zama riba ga mai shi. Akwai kuma wanda ba mai ikon ba da izininsa, wato sirrin mutane da abin da zai tada husuma, wannan kabarinsa wayar da ya fara faɗowa ciki. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, waɗanda in suka zauna da masu wannan sana'a za su iya shimfiɗa ƙa'idar da dokar Abuja ita kaɗai ba za ta iya kai ta rumfar kasuwa ba.

Ba baƙon abu nake kira gare shi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilmi ya isa ga matan karkara waɗanda ba su iya zuwa wurinta, sai ta zaɓi dattijai mata amintattu, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa alamar izini, ta koya mata karatun baki da baki har ya zauna, sa'an nan ta sallame ta ta kai wa 'yan taru na ƙauyensu, su kuma su koyar da na bayansu. Hannu da hannu ne ilmin ya tafi, amma kowane hannu an san shi, an san daga inda ya karɓo, shi ya sa abin ya yi albarka har ya wuce zamaninta.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai waya a aljihu, ka sani kai ma yau a tsaye kake tsakiyar sahu, akwai na gabanka, akwai na bayanka masu jiran abin da za ka isar musu. In ƙaninka ya matso ya ce, "Yaya, tura mini," ka dakata kaɗan ka tambayi kanka daga wa abin ya fito, kuma ko mai shi ya yarda. In ka sami amsar duka biyu, tura masa da farin ciki, ka ce ya tura wa na gaba. In ka rasa ɗaya, to, bari ya tsaya a kanka, domin sallar sahun baya a wuyan ladan take. Allah Ya sa mu zama masu isar da alheri, Ya tsare hannayenmu daga haƙƙin bayinSa, amin.